Dije Mai Kitso da Jogurafin Unguwar Dosa

Duk macen da ta kai shekara guda a Unguwar Dosa, in dai da gashi a kanta, to ta san cinyar Dije, don a nan ake ɗora kai. Gida ne mai jan ƙyaure, da mangwaro a tsakar gida, da tabarmi biyu, da wata 'yar kujerar katako da ta lotsa daidai mazaunin mai ita. Shekara ashirin da shida Dije tana kan kujerar nan, kibiyar tsaga a soke a ɗankwali, kwalbar man kitso a gefen ƙafa. Gajera ce, kakkaura, ga hannu mai zafi. In ta ja miki shuku, kwana biyu za ki yi girarki a sama kamar wadda aka faɗa wa abin mamaki, amma fa sai ya yi miki sati huɗu bai tashi ba.

Sai dai ba hannun kaɗai ke kawo mata daga Malali da Abakpa ba, har su tsallake masu kitso goma a hanya. Kowa ya san yadda abin yake: kai in ya sauka a cinya, ido yana kallon ƙasa, ba wanda ke kallon fuskarki, sai baki ya buɗe da kansa. Abin da mace ba ta faɗa wa uwarta ba, sai ta faɗa wa tabarmar Dije. Ita kuwa Dije ba ta cewa komai sai “Allah Sarki,” ko “To, juyo nan.” In ta gama, sai ta tattara tarkacen gashin da ya zube, ta dunƙule shi a takarda, ta danƙa wa mai shi a hannu, ta ce, “Ga gashinki, ga maganarki, tafi da abinki.”

A shekara ashirin da shida ba a taɓa jin magana ta fita ta jan ƙyauren nan ba, ko sau ɗaya. Mata suna rantsuwa da cikin Dije. Ba ta da fili, ba ta da gwal, sunan nan shi ne abin da ta tara a duniya, kuma ta fi kowa sanin haka.

Aibinta ɗaya, tsokanar ƙauyawa. Yarinya ta zo da gashi a cukurkuɗe, sai Dije ta riƙe haɓa ta ce, “Ikon Allah! Yau aka sauke ki daga motar gawayi?” Ba ta rufe baki sai ta ƙara da cewa su haifaffun Kaduna ba su san wannan ba, ita a Abakpa aka yanke mata cibiya. Duk sanda ta ambaci cibiyar nan, in mijinta Malam Shehu yana gida, sai tari ya sarƙe shi. Mutum ne shiru-shiru, mai sayar da bokitai a Babbar Kasuwa, ba a san shi da ciwon ƙirji ba sai a irin wannan lokaci. Wani abin kuma, ba wadda ta taɓa ganin kan Dije a cinyar wata a unguwar. In nata kitson ya tsufa, Keke Napep take hawa har Hayin Banki, wajen wata tsohuwa da ba ta ji ko kaɗan. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Abin ya faro ne daga autarta, Nusaiba, 'yar ajin ƙarshe a sakandare. Yarinya ce mai ƙoƙari, lissafi ba ya ba ta tsoro, Turanci kuwa har gyara wa mai karanta labarai take yi. Darasi ɗaya ya tsaya mata a wuya, labarin ƙasa, wanda suke kira jogurafi, shi ma ba ɓangaren duwatsu da koguna ba, ɓangaren mutane: yawan jama'a, ƙaura, cunkoson birane, kasuwanci. Littafin cike yake da misalan garuruwan da ba ta taɓa gani ba. Sai ta zauna a gindin mangwaro bayan la'asar tana rera su kamar karatun allo, tana rangaji, washegari a tambaye ta ta ɗauki matsalar Legas ta kai Tokyo, ta kwaso masana'antun Jamus ta zube a Alƙahira. Ga jarrabawar Wayek saura wata uku.

Wata ranar Talata da babu layi, Dije tana wanke mataji, ta gaji da jin rerawar.

“Ke Nusaiba, wai me kike ta kira tun ɗazu kamar mai tallan magani? Faɗa mini da Hausa.”

“Umma, dalilan da ke sa mutane barin ƙauye su dawo birni ne. Kashi biyu ne, akwai abin da ke koro mutum daga can, akwai abin da ke jawo shi nan. Kowanne sai an kawo misali.”

Dije ta saki mataji a ruwa. “Shi ke nan? Wannan ne ya hana ki cin tuwo? Yo wannan ai gulma ce aka buga a littafi! Matso nan.”

Tsakani da Allah, da farko ba ta kama suna ba. Ta ce akwai wata mata da aka kawo asibiti daga ƙauye a cire mata haƙori, ta sauka gidan 'yan uwa, ta murɗa famfo ta ga ruwa ya zubo ba guga ba igiya, ta zauna a gindin famfon ta ce wallahi sai dai a koma da gawarta. Wannan birni ne ya jawo ta. Akwai kuma wani saurayi can kudancin jihar nan da ya cinna wuta a ramin gafiya, iska ta kwashi wutar ta kai rumbunan dagaci, kafin a gama kashewa shi ya kai bakin titi ya ɗare motar citta. Wannan ƙauye ne ya koro shi.

Nusaiba ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta gane sarai. Washegari Dije ta ce ta maimaita.

“Wata mata ta je cire haƙori, sai ta ƙona rumbun dagaci…”

“A'a.”

“Wani saurayi ya ga gafiya a famfo…”

“Ke wai ƙwaƙwalwar kifi gare ki? Hajiya Harira ce ta ga famfo! Mai rumbu kuma mijin Rifkatu ne, Malam Ezekiel!”

Maganar na fita ta kai hannu ta toshe baki, amma ina, magana zarar bunu ce. Nusaiba ta zaro ido. Hajiya Harira dai da kowa ya sani, mai gida hawa biyu a Malali, wadda ke cewa canjin wurin aiki ne ya kawo maigidanta Kaduna? Malam Ezekiel kuma, dattijon coci, malamin jogurafi a wata sakandare a Abakpa, mai jan biro uku a aljihun gaba, wanda duk taron iyayen yara sai ya ba da labarin yadda ƙishirwar ilimi ta raba shi da ƙauyensu?

Abin haushin, daga ranar Nusaiba ba ta sake rikita su ba. Da an ce abin da ke jawowa, sai fuskar Hajiya ta faɗo mata, da an ce abin da ke korowa, sai ta ga jan biro. Dije ta kwana biyu zuciyarta na cizonta, sannan ta samo wa kanta fatawa. Ta tambayi yarinyar wa ke duba takardun jarrabawar. Nusaiba ta ce an ce kwasarsu ake yi a kai wata jiha mai nisa, kuma malaminsu ya ce mai dubawa ya fi son misali na gaske, da sunan wuri da komai.

“To ai shi ke nan,” in ji Dije. “Wani Bayerabe can Ibadan, ina ya san Harira? Ya karanta ya ba ki makinki, ya jefa a kwali. Maganar ba ta fita unguwa ba, tsallake ta ta yi.”

Da wannan ta buɗe rumbun shekara ashirin da shida. Cunkoson birni? Ga gidan hayar da ke bayan masallaci, ɗaki goma sha huɗu, banɗaki ɗaya, ta lissafa mata waɗanda ke riƙe wa juna layi da buta tun asuba. Ƙaura daga birni zuwa birni? Ga wadda ta baro Jos, ga dalilin da take faɗa, ga na gaskiyar. Rashin aikin yi? Ga mai fita da taye kullum ƙarfe bakwai, ya wuni a gindin dalbejiya wajen masu jarida, ya dawo yana cewa ofis ya gajiyar da shi. Nusaiba ta daina rangaji, ta koma zana taswira tana sa kibiyoyi. Malam Shehu ya dawo kasuwa wata rana ya tarar da su, ya tsaya ya saurara, ya ce, “Dije, anya?” Ta ce masa ilimi ake yi, ya wuce ya ci abincinsa.

Abin da Dije ba ta sani ba, Nusaiba kuma ba ta ga dalilin faɗa ba, kafin Wayek akwai jarrabawar gwaji da yara ke kira mok. Ita ba Ibadan ake kai ta ba. Makarantun yankin musayar takardu suke yi, don kada malami ya ji tausayin ɗalibinsa. Takardun ajin su Nusaiba ba su zame ko'ina ba sai Abakpa.

Ranar Asabar da hantsi Malam Ezekiel ya zauna a barandarsa da shayi da tulin takardu. Ya duba talatin, duk Legas, Legas, Legas, kamar an haɗa baki, har ya fara hamma. Sai ga wata takarda mai kyakkyawan rubutu. Ya karanta misali na farko, na matar famfo, ya yi murmushi ya ce yau ga yarinyar da ta san abin da take yi. Ya juya shafi. Misali na biyu ya fara da cikakken sunansa, da sunan ƙauyensu, da shekarar, da gafiya.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Rubutun yana nan. Ya karanta har ƙasa, inda yarinyar ta bayyana cewa wannan misali ne na ƙaurar dole, kuma hanyar mota da cinikin citta su suka sauƙaƙa ta. Abin da ya fi ƙona masa rai, ba kuskure ko ɗaya a bayanin. Shekara ashirin da uku yana koyar da darasin nan bai taɓa samun amsa irin wannan ba. Ya ɗaga jan biro ya daɗe a sama, don shi mutum ne da bai taɓa cin makin ɗalibi ba. Ya rubuta goma sha tara bisa ashirin. A gefe kuma, da ƙananan baƙaƙe, ya sa dalilin cire ɗayan: rumbu biyu ne, ba uku ba.

Sannan ya ƙwala kira. “Maman Blessing! Zo nan. Duk duniya mutum nawa na faɗa wa zancen gafiya?”

Rifkatu ta fito da ludayi a hannu. Ita da Dije shekara ashirin suna tare. Dije ce ke yi mata kitson Kirsimeti da na taron zumuntar mata, ita kuma duk Sallah a gidan Dije take wuni tana suyar nama. Ta karɓi takardar ta karanta a tsaye. Ba ta ko sauke tukunya ba, ta zari mayafi ta tare Keke.

Asabar ce, tsakar gidan Dije a cike. Kan da ke cinyarta a lokacin na Hajiya Harira ne, an kitse rabi, rabi yana tsaye. Rifkatu ta shigo ba gaisuwa.

“Maman Nusaiba, ina gashina da maganata da kike ba ni in tafi da su? Ashe kina rage kwafi?”

Dije ta ga takardar, ta gane rubutun 'yarta. “Maman Blessing, don Allah mu shiga ɗaki.”

“Ɗaki? Abin da ya je Abakpa ya dawo, ɗaki zai ɓoye shi?”

Fushi ba ya shawara. Rifkatu ta buɗe takarda ta fara karantawa tana fassarawa, kuma da yake mace ce mai tsari, daga misali na ɗaya ta fara. Tana kaiwa wajen “ta zauna a gindin famfo,” kan da ke cinyar Dije ya ɗago a hankali. Wata budurwa ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta fito mata ta hanci. Hajiya Harira ta miƙe, rabin kai shuku rabi tsaye, ta nemi ɗankwalinta ta rasa, ta ɗauki na wata ta ɗaura.

“Haƙori biyu aka cire mini,” ta ce. “Kuma famfon ba a tsakar gida yake ba, a kicin yake.” Ta fice.

Takardar shafi huɗu ce. Kafin Rifkatu ta kai ƙarshe, mata uku sun tuna sun bar wake a wuta.

Wani zai zaci daga nan mata suka ƙaurace wa gidan. Ai da haka suka yi da ya fi sauƙi. Sun gwada wasu masu kitson, kwana biyar ya tsefe, suka dawo. Har Hajiya Harira ta dawo a ƙarasa mata, don ba yadda za ta yi da rabin kai. Amma kai kawai suke kawowa, su bar baki a gida. Mace ta shigo ta ce, “Sannu da aiki. Kalaba.” Shi ke nan, sa'a biyu ba ƙarin ko tari. Dije ta jefa ƙugiya, “Ya maigidan, ya jikin nasa?” A ce, “Lafiya.” Wayar wata ta yi ƙara, sai ta ce a dakata, ta fita har waje da kibiya a soke a kai ta amsa. Hajiya ta koma zuwa da carbi mai dubu. In an gama, Dije ta dunƙule gashi ta miƙa, bakinta ya buɗe zai faɗi abin da ya saba, sai ta tuna ba maganar da za ta mayar, ta miƙa gashin kawai.

Wannan shirun ya ci Dije. Sati uku ta rame, zanenta ya fara zamewa. Kunya take ji irin wadda ba ta taɓa ji ba, ga kewa, don ashe hirar nan ita ce abincinta ba ta sani ba. Ta je gidan Rifkatu ba da haƙuri, Rifkatu ta ba ta kujera da ruwan sanyi, ta ce ya wuce, suka zauna suna kallon kalandar bango har Dije ta gaji ta tashi. Nusaiba kuwa kullum cikin kuka, tana cewa ita ta jawo. Dije ta ce mata ta yi shiru, ba ita aka ba amana ba.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, aka yi sallama a ƙofa. Malam Ezekiel ne, da kwat da jan biro uku. Malam Shehu ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kira Dije, ta zo ta rakuɓe a bakin ƙofa kamar mai jiran hukunci.

“Maman Nusaiba,” in ji shi, “ba faɗa na zo ba. Yanzu in na shiga aji, wani ɗan banza sai ya yi kukan gafiya daga baya. Na bar wa Allah. Abin da ya kawo ni, yarinyar nan ta fahimci darasin fiye da duk wanda na taɓa koyarwa. Wanda ya koya mata malami ne.” Faɗin haka ya yi masa ɗaci. “Amma a Wayek kada ta sa sunan kowa. Kuma labarin mutum kayansa ne, ba a ɗauka sai ya bayar. In misali take so, ki ba ta naki mana. Shi ba mai kai ki ƙara.”

Dije ta gyara zama. “Ai ni, Baban Blessing, ba ni da labarin ƙaura. Mu haifaffun nan ne. A Abakpa aka yanke mini…”

Tari ya turnuƙe Malam Shehu. Ba irin na kullum ba, wannan har da hawaye da dukan ƙirji, sai da Nusaiba ta kawo ruwa a guje. Malam Ezekiel ya dube shi, ya dubi Dije, ya miƙe yana gyara kwat.

“Malam Shehu, wannan tarin ya daɗe. A nemi maganinsa.”

Bayan ya tafi, Dije ta tsaya a kan mijinta. Shi kuwa ya ajiye kofi ya ce, a hankali yadda ya saba, “Shekara ashirin da takwas ina riƙe miki, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Amma kin tona na mutum goma sha ɗaya, naki yana lulluɓe. Ke kanki in ke ce su, za ki sake buɗe baki?”

Ta juya ta shige ciki. Ranar ba ta yi masa miya mai daɗi ba, da gangan.

Asabar ta zagayo, saura sati guda bikin Ista, tsakar gida ta cika da mata da shiru. Rifkatu tana layi, Hajiya Harira tana jan carbi. Dije ta gama kan da ke gabanta, ta miƙa gashi. Maimakon ta ce wa ke biye, sai ta tashi daga kujerar. Ta kama hannun Rifkatu ta zaunar da ita a kai. Ta cire ɗankwalinta, abin da ba wadda ta taɓa gani, ga furfura ta ci rabin kan. Ta miƙa mata kibiya, ta zauna a tabarma, ta ɗora kai a cinyarta.

“Maman Nusaiba, ni fa ban iya kitso ba.”

“Na sani. Tsefe ki yi abin da ya samu. Nusaiba, ɗauko littafinki ki zauna nan.”

Rifkatu ta fara tsifa a ɗarare. Dije tana kallon ƙasa. Aka ɗan jima, sannan abin da ke samun kowa ya same ta.

“Ba a Abakpa aka yanke mini cibiya ba. Wani ƙauye ne can bayan Katsina, ko a taswirar Nusaiba babu shi. A saman motar albasa na shigo garin nan, ina shekara goma sha ɗaya, ni da innata. Sati biyu ina warin albasa.”

Carbin Hajiya ya tsaya.

“Da aka sauke mu a Kawo, na ga kwalta baƙa wuluk, sumul. Na ce wannan daɓen ɗakin wani babban mutum ne. Na cire takalmina na riƙe a hannu, na yi sallama, sannan na taka. Tsakar rana, watan zafi. Na yi ta tsalle ina ihu, 'yan kamasho suna tafa mini.”

Budurwar nan mai dariya ta hanci ita ta fara. Sai tsakar gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Hajiya Harira ta kwanta a jikin mangwaro tana share hawaye tana cewa, “Sallama! Ta yi wa titi sallama! Wayyo cikina! Ni ai ko ba komai famfo na gani!” Rifkatu tana dariya tana jan gashi ba tsari, Dije tana cije baki, ta san bashin zafin hannunta ne ake rama wa unguwa.

Nusaiba ce ta yi tambayar, biro a hannu, don ita har yanzu darasi take yi. “Umma, to me ya koro ku?”

Dije ta amsa, kanta na cinyar Rifkatu.

“Fari. Damina biyu ba mu ga ruwan kirki ba. Rijiya ta ƙafe, babana ya sayar da jaki, ya tafi neman aiki kudu, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Kakata ita ta koya mini kitso, a kanta na koya. Ta ce ita ba ta hawa mota, mu je, in ruwa ya sauka mu dawo mu same ta. Ranar da za mu taho ta yi mini doka da hannunta, ta dunƙule gashin ta sa mini a tafi, ta ce in tafi da abina kada in bar shi a ƙasar da ba albarka.” Ta ja numfashi. “Innata ta ce kada in kuskura in faɗa wa 'yan birni yunwa ce ta kawo mu, za su raina mu. Na riƙe. Na riƙe har na fara raina masu zuwa bayana. Ruwa ya sauka sau arba'in, ban koma ba. Ban san ma inda aka binne ta ba.”

Ba wadda ta yi dariya. Rifkatu ta ji ɗumin hawaye a gwiwarta ta cikin zane, ta sassauta hannu. Can ta ce, “Allah Sarki.” Ta ɗan taɓa mata kunne. “To, juyo nan.”

Shirun da ya biyo baya ba irin na sati ukun nan ba ne. Hajiya Harira ce ta kore shi. Ta matso da tabarmarta, ta cusa carbi a jaka, ta ce, “Ke Nusaiba, buɗe sabon shafi. Zancen famfon nan uwarki ba ta ba ki shi daidai ba. Ki rubuta wata mata, kin ji ko, wata mata. Rijiyarmu gaba ashirin ce, ina da cikin fari nake ja…” Kafin ta dire, wadda ta baro Jos ta ce in an gama ita ma tana da gyara a nata.

Kitson da Rifkatu ta yi, kada Allah Ya maimaita. Tsaga ta tashi daga goshi ta nufi ƙeya, ta fasa a hanya ta koma kunne. Guda bakwai ne, ba biyu da suka yi kama. Dije ta duba madubi ta ce ko motar gawayi ba ta sauke irin wannan ba, amma sati huɗu cur ta bar shi a kanta, har ranar da Nusaiba ta shiga jarrabawar jogurafi ta rubuta labarin wata yarinya da motar albasa.

A ranar Asabar ɗin dai, da aka gama, Rifkatu ta sunkuya ta tattara gashin da ya zube a tabarma, fari da baƙi, ta yagi takarda a bayan littafin Nusaiba ta dunƙule. Ta kamo hannun Dije ta danƙa mata, tana kwaikwayon muryarta.

“Ga gashinki, ga maganarki, tafi da abinki.”

Dije ta karɓi ƙullin ta soke a haɓar zane. Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

“Gashin na karɓa,” ta ce. “Maganar ku riƙe mini. Na gaji da ɗaukarta ni kaɗai.”